Inji Ya Buga: Nawa Ake Kashewa Wajen Sake Injin A-Kori-Kura?

 A wannan fitowa za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu yi maganar mota. Gama ko'ina na je zagaye sai an yi mini tambaya guda: idan injin a-kori-kura ya mutu, nawa za a kashe kafin motar ta sake hawa hanya?

Bari in fara da abin da na gani da idona. Akwai wata ƙungiyar manoma da nake aiki tare da ita, maza da mata. Sun yi shekara huɗu suna tara kuɗi kafin suka sayi tsohuwar a-kori-kura mai shan gas. Ita ce ke kai masararsu da cittarsu kasuwa, ita ce ke kawo taki, ita ce kuma ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibiti. Ran nan da kaka an yi mata lodi, tana cikin hawan tudu, sai robar lagireto ta tsage, ruwa ya tsiyaye. Direba ya ga allurar zafi ta hau ja, amma ya ce a ransa saura kaɗan a isa gari. Ba a isa ba.

Kwamiti ya zauna da gaggawa. Aka aiki mutum biyu birni, suka tambayo kuɗin inji, suka dawo suka faɗa. Aka yi karo-karo, aka ci bashi, aka haɗa daidai abin da suka faɗa. Inji ya iso gareji, sai ga shi babu kuɗin makaniki, babu na baƙin mai, babu na kuloci. Motar ta yi mako biyar a ajiye. Masara kuwa aka sayar wa 'yan kasuwa a bakin gona da araha. Har yau akwai masu zargin ma'aji, alhali bai ci ko kwabo ba. Abin da ya faru shi ne sun lissafa kuɗin inji kaɗai, suka manta da duk abin da ke biye da shi. Domin kada wata ƙungiya ta faɗa cikin wannan rami nake rubuta wannan bayani.

DA FARI, A TABBATA INJIN YA MUTU

Ba kowane ciwo ne ajali ba. Sau da yawa makaniki yakan ce "sai an sake inji" tun bai kwance ko noti ɗaya ba. Kafin ku yarda, ku lura da alamun nan, ku kuma nemi makaniki na biyu ya duba.

Baƙin hayaƙi daga salansa yana nuna man da ke shiga ya fi iska yawa. Sau da yawa matacin iska ne ya toshe da ƙura, ko kuwa nozul ne ya lalace. Wannan ƙaramin gyara ne.

Shuɗin hayaƙi yana nuna inji yana ƙona baƙin mai. Za ku ga kullum sai an ƙara mai. Yawanci ringin fistin ne ya cinye, ko robobin bawul. Injin yana da sauran rai, amma yana neman a buɗe shi.

Farin hayaƙi mai kauri da ba ya tsayawa bayan inji ya yi zafi, da ruwan lagireto da ke raguwa ba tare da an ga inda yake yoyo ba, suna nuna gaskit ya ƙone. Ku zare ma'aunin mai ku duba. Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. Kada a sake tayar da motar sai an gyara.

Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma, musamman in fitilar mai ta kama, ita ce ake kira "inji ya buga". Ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, waɗanda makanikai ke kira metal, sun cinye ke nan saboda rashin mai ko mugun zafi. In aka ci gaba da tafiya, sandar fistin tana iya karyewa ta huda bulok. Bulok kuwa shi ne gangar jikin inji. In ya huje ko ya tsage sosai, to, nan ne sake inji ya zama tilas.

HANYOYI HUƊU DA KE GABANKU

Ta ɗaya, gyaran sama. Ana cire kan inji, a kai wurin masu injin gyaran ƙarfe su daidaita fuskarsa in zafi ya tanƙwara shi, a gyara bawul, a sa sabon gaskit. Wannan ita ce mafi araha, amma tana amfani ne kawai in ƙasan injin lafiya yake.

Ta biyu, a sauke injin a yi masa gyara gaba ɗaya. Ana sa sabon ringi da sabon metal, a goge karanshaf, in ramukan fistin sun faɗaɗa a sake huda su a sa fistin da ya dace. Amfaninta shi ne kun san abin da ke cikin injinku, lambarsa kuma ba ta canja ba. Haɗarinta biyu ne: jabun kayan gyara, da makanikin da ke aiki da ido ba da ma'auni ba. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba. Wanda ya harhaɗa inji a ƙasa cikin yashi, aikinsa ba zai kai wata kaka ba.

Ta uku, a sayi tsohon inji da aka shigo da shi daga waje, wanda muke kira Beljiyam, mutanen Kudu kuma suna ce masa tokumbo. Sunan ya samo asali ne daga tashar jiragen ruwa ta Antuwaf a ƙasar Beljiyam, inda ake lodin tsofaffin motoci masu yawa zuwa Afirka ta Yamma, ko da yake da yawa daga injunan motocin Japan ta Dubai suke biyowa. Ana sayar da cikakken inji, ana kuma sayar da rabin inji, watau bulok da karanshaf da fistin ba tare da kai ba. Idan kan injinku lafiya yake, rabin inji ya isa. Manyan kasuwanninsu su ne Ladipo a Legas, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Dilimi a Jos.

Ta huɗu, sabon inji fil daga wakilin kamfani. Shi ne mafi aminci, amma kuɗinsa sau da yawa yakan yi kusa da darajar tsohuwar motar kanta, ko ya wuce. Ƙungiyar ƙauye da wuya ta iya.

ME YA SA INJI YA YI TSADA HAKA?

Iyayenmu suna tuna zamanin Peugeot 404 da 504. A shekarar 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, aka kuma ci gaba da harhaɗa 504 har cikin shekarun 2000. Injunansu masu kafireta ne, ba su da wayoyi da yawa, kowane makanikin bakin kasuwa ya san cikinsu. Yau kuwa yawancin a-kori-kura da ke aiki a karkara na Japan ne, musamman Toyota Hilux, kuma injunansu da kayan gyaransu daga waje suke zuwa. Da dala ake sayo su.

Saboda haka kuɗin inji yana bin kuɗin dala kamar yadda ɗan akuya ke bin uwarsa. Kafin watan Yuni na 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana wajen naira 460. A watan nan Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 kuwa dala ta wuce naira 1,500. A ranar 29 ga Mayu 2023 kuma aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya daga Legas zuwa Arewa ya tashi. Shi ya sa wanda ya sake inji a 2022 ba zai iya gaya muku farashin yau ba. Ku tambayi wurare uku a mako guda, ku rubuta abin da kowa ya faɗa da ranar da ya faɗa.

Irin injin ma yana da nasa. A cikin Hilux kaɗai akwai iri da yawa. Akwai tsofaffin masu fetur irin su 22R da 3RZ, da 2TR mai lita 2.7 da ya biyo bayansu. Akwai masu gas irin su 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0, sa'an nan 2KD da 1KD waɗanda kwamfuta ke sarrafa mansu. Injin gas yawanci ya fi na fetur tsada, gama yana matse iska kusan ninki biyu, don haka aka gina shi da ƙarfe mai nauyi, famfonsa da nozul ɗinsa kuma masu tsada ne. Injin da ke aiki da kwamfuta, wadda makanikai ke kira birenbos, tilas ne ya dace da wayoyin motar da birenbos ɗinta. In bai dace ba, sai an sayo nasa, kuɗi ya ƙaru.

A nan zan yi gargaɗi. Wani zai ba ku shawara a cire injin fetur a sa na gas, ko a ɗora injin wata irin mota domin ya fi araha. Ana yin haka, amma sai an taɓa giyabos, da kujerun inji, da wayoyi, da bututun mai, da batir. Arahar da aka samu a kasuwa takan ƙare a wurin mai walda. Mafi sauƙi shi ne a mayar da irin wanda aka cire.

LISSAFIN DA YA KAMATA KWAMITI YA YI

Tun da naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, bari mu yi lissafi da abin da muka sani, watau buhun masara. Lambobin nan misali ne kawai domin a ga yadda ake yin lissafin. Ku sa naku bisa ga abin da kuka tarar a kasuwa. Mu ce an yi cinikin inji a kan kuɗin buhu 40.

1. Injin kansa: buhu 40.
2. Kuɗin motar waɗanda aka aika, da dakon inji, da la'adar dillali: buhu 3.
3. Ladan makaniki da na mai gyaran waya: buhu 4.
4. Baƙin mai, da matatan mai da na iska, da ruwan lagireto, da bel: buhu 3.
5. Sabon faifan kuloci da abin da ke tare da shi: buhu 3.
6. Wanke lagireto ko sake shi, da famfon ruwa, da robobi, da kujerun inji: buhu 4.
7. Gyaran takardun mota: buhu 1.
8. Hayar wata mota a makonnin da tamu ke gareji: buhu 6.
9. Ajiyar ko-ta-kwana: buhu 6.

Jimla, buhu 70. Kun ga a wannan misali, a kan buhu 40 na inji sai da aka ƙara wasu 30. Ƙungiyar da na ba ku labarinta, layi na farko kaɗai ta tara wa kuɗi.

Bari in bayyana dalilin wasu layukan. Kuloci yana tsakanin inji da giyabos, ba a kai gare shi sai an raba su. Tun da an riga an sauke inji, sa sabo a lokacin ba ya ƙara ladan aiki. In aka bar tsohon, ya mutu bayan wata uku, sai a sake biyan makaniki. Haka ma bel ɗin taimin a injunan gas na Hilux. Ana sake shi bayan tafiyar kilomita 100,000 zuwa 150,000, gwargwadon irin injin, ba wanda kuma ya san tafiyar da na jikin injin Beljiyam ya riga ya yi. In ya tsinke ana cikin tafiya, fistin ya daki bawul, an koma gidan jiya. A sake shi tun injin yana ƙasa.

Layi na shida shi ne mutane suka fi ƙi, shi ne kuwa mafi muhimmanci. Ku tambayi kanku: me ya kashe injin farko? In toshewar lagireto ce, aka kuma haɗa sabon inji da wannan lagireton, to, an kawo sabuwar akuya ne an ɗaure ta a inda kura ta ci ta farko.

RANAR SAYEN INJI

Kada mutum ɗaya ya tafi. A tafi da makanikin da zai ɗora injin, da mutum biyu daga kwamiti. Makanikin nan a yi masa ladansa a fili tun daga gida, domin kada ya nemi nasa a hannun mai sayarwa.

A tafi da lambar tsohon inji da hotonsa. A kasuwa, a sa sifana a juya injin da hannu, a ji ko yana juyawa sumul yana kuma da matsi. A buɗe murfin mai a leƙa. Dattin mai da ya daskare kamar kwalta yana nuna maigidansa na farko ba ya juye mai. A dubi kan notuna ko akwai sawun sifana, da gefen gaskit ko an shafa gam sabo. Akwai masu ɗaukar injin da ya gaji a nan gida, su wanke, su fesa fenti, su ce jiya ya sauka daga jirgi. Injin da ya fi sauran ƙyalli, shi ya kamata a fi bincika. In akwai hali a tayar da shi a wurin, a tayar, a dubi hayaƙinsa, a saurari ƙararsa.

A yi yarjejeniya a rubuce: kwana nawa mai sayarwa ya bayar na gwaji, kuma in injin bai yi ba, zai canja ko zai mayar da kuɗi, wa zai biya dako. Kwanakin nan kaɗan ne, saboda haka kada a sayo inji sai kuɗin ɗora shi yana hannu. In ya kwanta a gareji ana jiran karo-karo, wa'adin zai wuce tun ba a tayar da shi ba.

A karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, da sunan shago, da kwanan wata. Bayan an ɗora, a je ofishin lasisin motoci a sa sabuwar lambar a takardun motar. In lambar da ke jikin inji ta saɓa da ta takarda, direbanku zai sha wahala a shingen bincike. Injin da aka kankare lambarsa kuwa, ko kyauta ne kada ku karɓa, gama mai yiwuwa na sata ne. Tsohon injinku kuma dukiyar ƙungiya ne. Kada a bar shi a gareji ya ɓace. A sayar da shi, ko a ajiye kayansa masu kyau, a rubuta a littafi.

KO MOTAR TA CANCANCI SABON INJI?

Wannan tambaya ce mai zafi, gama mota ta zama kamar 'yar gida. Amma kafin a kashe kuɗi, a shiga ƙarƙashinta a dubi shasi, ko tsatsa ta ci shi ko an sha yi masa walda. A gwada giyabos da aksul na baya, a dubi birki da tayoyi. Shawarata ita ce, idan jimlar lissafin nan ta wuce rabin abin da za a sayi motar bayan an gyara ta, sauran jikinta kuma duk ya gaji, kwamiti ya zauna ya yi tunanin sayar da ita yadda take, a ƙara kuɗi a nemi wata. Idan kuwa shasi da giyabos suna da ƙarfi, sake inji ya fi sayen wata tsohuwar mota wadda ba ku san tarihinta ba.

BAYAN AN ƊORA

Injin da aka yi wa gyara gaba ɗaya yana bukatar lallaɓawa. A kilomita 1,000 na farko kada a yi masa lodi mai nauyi ko gudu, sa'an nan a juye man a sa sabo tare da mataci. Daga nan, a hanyoyinmu masu ƙura, a riƙa juye mai kowane kilomita 5,000. A sayi mai a rufaffiyar galan, ban da na kwalba a bakin hanya. A riƙa kakkaɓe matacin iska, musamman da hunturu. A lagireto a sa ruwan da aka yi dominsa, gama ruwan rijiya yana barin gasari da tsatsa da ke toshe ƙananan bututu. Kowace safiya direba ya duba mai da ruwa kafin ya tayar. Kada kuma a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana iya ƙona fuska.

Kwamiti kuma ya gaya wa direba a fili: in allurar zafi ta hau, ko fitilar mai ta kama, ya tsaya nan take ya kashe mota, ko da ranar kasuwa za ta wuce. Ba wanda zai yi masa faɗa. Direban da ke tsoron faɗan kwamiti shi ne ke cewa saura kaɗan a isa gari. Mu ma da muke matsa masa ya ɗora buhu biyar a kan abin da motar ke iyawa, muna da namu laifin.

ASUSUN INJI

Kowane inji zai tsufa, ko da an kula da shi. A cikin Luka 14:28 Ubangijinmu ya ba da misalin mai niyyar gini wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Ranar da aka sayi mota, ranar ce ya kamata a fara tara kuɗin injinta na gaba.

Mu koma ga misalinmu. In ana sa ran inji zai yi shekara biyar, a raba buhu 70 gida biyar, buhu 14 ke nan a shekara. In motar tana fita sau biyu a mako, wajen fita 100 ke nan a shekara. Watau a kowace fita bakwai a ware kuɗin buhu ɗaya. Wannan kuɗi ba riba ba ce da za a raba a ƙarshen shekara, ba kuma na bikin Kirsimati ba ne. A ajiye shi dabam, da sa hannun mutum uku, a karanta lissafinsa a gaban kowa a kowane taro. Tun da naira tana iya zubewa, a sake duba adadin kowace shekara. Har motar ikkilisiya da ke kai mai bishara ƙauyuka ko ɗaukar marar lafiya kyauta, a rubuta tafiyarta, a san inda kuɗin zai fito.

Ƙungiyar nan da na ba ku labarinta ta gama biyan bashinta, ta kuma buɗe irin wannan asusu. Ma'ajin da aka zarga, shi ne ya roƙa a ƙara mutum biyu su riƙa sa hannu tare da shi. Ina roƙon kowane shugaban ƙungiya ya karanta wannan bayani a taro na gaba, a kira direba da makaniki su zauna a ciki, a ɗauko takarda a rubuta layuka taran nan tun motar tana da lafiya.

Allah ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu. Sai mun sadu a fitowa ta gaba.